Labulen Falonmu Ya Fi Ni Ƙamshi

Ku matso ku ji, 'yan'uwa, amma don Allah kada wadda ta yi mini dariya sai na kai ƙarshe.

Ga waɗanda yau muka fara haɗuwa, ni tela ce. Ina da ɗan shago a bakin layinmu, keke biyu da teburin yanka da madubi mai tsaga a gefe. A gida 'Yar Auduga ake ce mini, saboda fatata ba ta shiri da kowane yadi sai na auduga. Tun ina goye nake fama da ciwon ƙaiƙayin fata. Mama kirci take ce masa, likita kuma yana da nasa sunan na Turanci. Wurin zamansa cikin gwiwar hannu ne, da bayan gwiwa, da wuya. Fatar ta bushe, ta yi duhu, ta dinga ƙaiƙayi har in ji ina son aron farcen wani in ƙara da nawa. Ba a ɗaukarsa, ba ya kuma tafiya gaba ɗaya. Lallaɓa shi ake yi.

Ni kuwa na iya lallaɓa. Ruwan wankana ɗumi-ɗumi ne, ba mai zafi ba, kuma ba na daɗewa a ciki. Ba ni da soso, tafin hannuna ya ishe ni. Sabuluna fari ne, ba ya ƙamshin komai. Idan na fito ba na dirje jiki da tawul, ɗan dannawa nake yi, sannan tun da sauran danshi in bi ko'ina da basilin. Farcena kullum a yanke yake. Sabon yadi sai na wanke shi kafin ya taɓa jikina, leshi kuwa sai na yi masa shafi da auduga. Wanke-wanke da safar hannu nake yi, Mama tana cewa wai na yi kama da wadda za ta shiga tiyata. Idan ciwon ya taso da ƙarfi akwai man da likita ya rubuta mini. Da wannan muke zaune lafiya ni da fatata, muddin ban haɗa ta da babban abokin gabarta ba, wato turare.

To cikin duk mazan duniyar nan, wa kuke tsammani zuciyata ta je ta zaɓo? Mai turare.

Ba mai sayarwa kawai ba, haɗawa yake yi. Shagon na mahaifiyarsa ne, Hajiya, ita ta koya masa tun yana ƙarami. Farkon zuwansa wurina 'yan jakunkunan kwalabe ya kawo in ɗinka masa. Yana tsaye ina auna kwalba, sai na ga ya ɗan karkata kai yana jan numfashi.

"Lafiya?" na ce.

"Lafiya lau. Kawai dai ban taɓa tsayawa kusa da mace na ji shiru ba."

"Shiru kuma? Ga keke yana ƙara."

"A hanci nake nufi. Ba kya ƙamshin komai."

"To wari nake yi?"

"Shi ma babu. Bari dai, ni zan gyara wannan."

Da ina da wayo, a nan zan ce masa, Malam, bar shi a haka. Amma murmushinsa ya riga ya ɗaure mini baki. Jakunkunan da za a gama a zama ɗaya sai da ya yi ta sintiri a kansu, yau zare bai yi ba, gobe baki ya yi faɗi. Daga nan ya nemi izinin Baba ya fara zuwa gida. Tun kafin ya ƙwanƙwasa ƙofa muke sanin ya iso, don ƙamshinsa ne ke riga shi yin sallama. Wannan bai cika damuna ba, tunda tsakanin kujerata da tasa akwai tebur, ga fanka, ga taga a buɗe. A wayata ma Ƙamshi na sa masa.

Rannan ya zo da wata 'yar kwalba mai murfin zinari, a cikin jakar da ni na ɗinka.

"Wannan naki ne ke kaɗai," ya ce. "Ban sayar wa kowa ba, ba kuma zan sayar ba. Ki sa a wuya da wuyan hannu."

Wuya da wuyan hannu. Ya rasa inda zai zaɓa sai fadar ciwon. Na karɓa da hannu biyu, na yi godiya har da sunkuyar da kai.

Yana fita na nufi kicin.

"Mama, zan faɗa masa."

Ta ajiye ludayi. "Ki faɗa masa me?"

"Gaskiya. Cewa ba na sa turare."

"Ki ce wa mai turare ba kya sa turare. Madalla. Sai kuma me? Ki naɗe hannun riga ki nuna masa? Har kin manta da malamin nan?"

Ban manta ba. Kafin Ƙamshi akwai wani malamin makaranta da magana ta yi nisa da shi. Yayarsa ta zo gidanmu a lokacin zafi, wuyana ya taso, mayafina ya zame. Ina kallo ta janye 'yarta daga jikina, ta ƙi shan ruwan da na kawo. Bayan nan ko a hanya malamin ya hango ni sai ya duƙufa a kan wayarsa. Abin ya yi mini ciwo sosai, Mama kuwa har ta fi ni, don ita ce ta yi ta kuka.

"Ki rufe bakinki, ki rufe hannunki," in ji Mama. "Idan komai ya kankama, ya gani da kansa. Kawo kwalbar nan."

Ta shige falo ina biye da ita. Kujerata tana jingine da taga, a bayanta akwai wani labule mai kauri, ruwan ƙasa, wanda ya girme ni. Mama ta buɗe kwalba ta fesa masa, fes, fes, daidai inda kaina yake kaiwa idan na zauna.

"Shi ke nan. Ki zauna nan, kada ki jingina, kada ki tashi. Wa zai bambance?"

Wallahi uwata da ta yi karatun lauya da an shiga uku.

Zuwansa na gaba na sha doguwar riga ruwan toka mai dogon hannu, na yi zamana a gaban labule, ban motsa ba. Ya shigo, ya ja numfashi, fuskarsa ta washe.

"Kin sa."

"Uhm," na ce. Ku shaida, uhm kawai na ce.

Sai dai bayan ɗan lokaci na ga ya ɓata fuska kaɗan.

"Bai buɗe ba."

"Me?"

"Turaren. Idan ya haɗu da ɗumin fata yana sauyawa, na sama ya tafi, na ƙasa ya taso. A jikinki yana nan yadda na zuba shi a kwalba. Laifina ne, ban karanci fatarki ba. Zan sake haɗi."

Bawan Allah ya koma ya sake. Ya kawo kwalba ta biyu, labule ya sha. Ya kawo ta uku, labule ya ƙara. Saƙonninsa kuwa ba sa yankewa.

"Na rage itace na ƙara fure. Yaya kika ji shi da rana?"

"Da daɗi sosai."

"Yana kama jiki?"

"Ba ya ma fita."

Nan ma ban yi ƙarya ba, labulen ko iska ta kaɗa shi sai gidan ya ɗauka. Amma duk saƙon da na tura sai in ji kunya ta rufe ni. Mutum yana can yana ɓata kayansa masu tsada don ya gane fatata, ni kuma ina nan ina ba shi labarin labule.

Abin da ni da Mama muka manta shi ne Baba. Tunda ya yi ritaya, bayan azahar a kujerar nan yake barcinsa. Hasken taga yana damunsa, don haka sai ya jawo gefen labulen ya yafa a fuska da kafaɗa. Mama ta yi faɗan har ta gaji. Shi kuma hancinsa ya daɗe da ajiye aiki, ko abinci ya ƙone sai dai ya ga hayaƙi.

Ranar da abin zai faru, Baba ya tashi daga barci, ya gyara hula, ya ce zai taka ya miƙe ƙafa. Ashe miƙe ƙafar har shagon turare, wai ya je ya ga inda yaron nan yake neman abincinsa. Ina shago ina kafa hannun riga saƙo ya shigo.

"Baba ya zo shago yau. Mun gaisa sosai."

"Allah sarki. Ya kyauta."

"Turarenki ya karɓe shi."

Allura ta soke ni ban ma ji ba. Ina kallo yana rubutu, ya goge, ya sake.

"A hularsa na ji, da kafaɗarsa. Har na farkon da na biyun suna nan a ƙasa. Yanzu na gane abin da ya sa bai taɓa buɗewa ba. Da kin ce ba kya so, da ban takura miki ba."

Na kira, bai ɗauka ba. Na rubuta "ba haka ba ne", ya karanta ya yi shiru.

Da na koma gida Baba yana ta yabon yaron. "Akwai ladabi. Sai dai yana da wata ɗabi'a, muna gaisawa yana shinshina ni."

Mama ta dafe kai. Ni dariya ta zo mini, kuka ma ya zo, na rasa wanda zan fara.

Ku fahimce ni, shi a ganinsa ba turaren na ƙi ba, shi na ƙi. Ya ɗauka kunya ce ta hana ni korarsa, shi ya sa nake zubar da kyautarsa a kayan ɗaki. Ni kuwa ina son mutumin nan, so na gaske, irin wanda ke sa in ɗinka aljihu a bayan riga ban lura ba. Da na kwana na tashi ban ji daga gare shi ba, sai na yanke shawarar da ko Mama ban gaya wa ba.

Na yi wanka, na tsallake basilin don kada ya danne ƙamshin. Na ɗauko kwalba ta uku na fesa a wuya, dama da hagu, na ƙara a wuyan hannu, har cikin gwiwar hannu don neman suna. Nan take wurin ya ɗauki zafi, don dama akwai 'yan tsage-tsagen da ba su gama warkewa ba. Na ce ba komai, soyayya ce. Na zura wata rigar leshi da na ɗinka wa kaina ban kai ga yi mata shafi ba, na fita cikin rana.

Kada wadda ta gwada wannan. Turare, leshi, gumi, duk abin da likita ya hana na tara su wuri guda na hau mota da su.

Shagonsu dogo ne, kwalabe tun daga ƙasa har rufi, ga kasko yana hayaƙi a bakin ƙofa. Yana bayan kanta yana ɗiga wani abu a kwalba. Ya ɗago ya gan ni, bai yi murmushi ba.

"Sannu da zuwa."

"Yauwa. Na sa."

Ya zagayo, ya tsaya nesa kaɗan, ya lumshe ido. Na ga kafaɗunsa sun sauka.

"Ya buɗe," ya ce a hankali. "Haka na so ya zama. Kin ji na ƙasan ya fara tasowa?"

Abin da ke tasowa daban ne. Wuyana ya kama wuta. Na matse hannuwa a ƙirji, na ɗan goga wuya da kafaɗa kamar mai gyara mayafi. Yana bayani a kan itace da fure, ni ina lissafin inda zan fara sosawa. Na danna da yatsa. Na ɗan mintsina. Daga nan ban san lokacin da hannu biyu suka shiga aiki ba, a gaban mutumin da nake so, a gaban wata mata da ta zo sayen turaren ɗaki.

"Me ya same ki? Wuyanki ya yi ja."

"Ba komai."

"Akwai komai. Fito waje."

Ya fitar da ni inuwar shagon maƙwabcinsa, ya sayo ruwa mai sanyi, ya miƙo mini hankicinsa, sai kuma ya janye da sauri.

"A'a, wannan ma da turare."

Da gefen ɗankwalina na wanke wuyan. Na jiƙa shi na danna a wurin har zafin ya ɗan lafa. Sannan na ce a raina, 'Yar Auduga, abin da kike ɓoyewa ya riga ya fito da kansa. Na naɗe hannun rigar har sama da gwiwa na miƙa masa, ga duhun, ga kaushin, ga sabon jan da na jawo wa kaina.

"Tun ina jaririya," na ce. "Ba a ɗauka. Amma ba na sa turare, ba zan taɓa iya sawa ba. Ko sabulu mai ƙamshi ba na taɓawa. Ban ƙi kyautarka ba, tsoro na ji, shi ya sa muke fesa wa labulen falonmu."

Ya daɗe yana kallon hannun. Ya kalli shagonsu, ya kalli rigarsa.

"Duk zuwan da nake yi, ina ƙara miki ciwo?"

"Ba sosai ba. Akwai fanka."

Bai yi dariya ba. Ya tare mini mota, ya ce in je in sa magani, ya juya ya koma ciki.

Fatata kuwa ta rama abin da na yi mata. Wuyana ya kumbura, ya yi ruwa, ya dawo ya bushe. Na rufe shago na koma wurin likita, ya duba ya girgiza kai ya ce, "Ke da kika fi kowa kiyayewa?" Na koma kan tsarina, tsumma mai sanyi, man likita, basilin a kai a kai, tsohuwar rigar auduga mai faɗi. Wayata tana gefe, ko motsi. Na buɗe sunan Ƙamshi na rufe ya fi a ƙirga.

Mama ce take shafa mini man a bayan wuya, inda hannuna ba ya kaiwa.

"Ai na faɗa miki," ta ce. Sai kuma muryarta ta sauka. "Ni dai ba na son a sake yi miki kallon da matar nan ta yi miki. Shi ke nan laifina."

"Na sani, Mama."

Baba ya leƙo daga ƙofa. Mama ta riga ta ba shi labari, tun daga ranar kuwa ya daina yafa labulen.

"Ni dai an cuce ni," ya ce. "Ina ta yawo cikin gari ina ƙamshin 'yan mata, abokaina suna ta yi mini wani irin kallo, ba wanda ya gaya mini."

Na yi dariya har wuyana ya yi zafi. Ita ce dariyata ta farko tun ranar.

Da yammacin wata rana ina zaune a falo, wuyan ya fara lafawa. Rigar gida ce a jikina, na naɗe hannuwanta, gwangwanin basilin a cinyata, ina shafawa a gwiwar hannu. Mama ta cire labulen ta jiƙa shi a baho, tagar ta zama tsirara. Sai kawai na ji sallama a bakin ƙofar falo.

Na ɗago. Shi ne, tsaye, cikin farar riga ta auduga wadda ko guga ba ta sha sosai ba.

Ban ji zuwansa ba. Mutumin da tun daga bakin titi ake sanin ya iso, ga shi taku kaɗan tsakaninmu, na ja numfashi ban ji komai ba.

"Baba ne ya ce in shigo," ya ce. "Ki yi haƙuri da shirun. Fitar da turare daga jikin mai turare aiki ne. Kayana duk sun ƙi, wanki bai yi musu komai ba, sai sababbi na saya. Na sauya sabulu. Na aske gemu, don shi ya fi riƙewa. Motar ma sai da na ba da aka wanke kujerun. A shago akwai rigar aiki yanzu, a can nake barinta. Ban so in zo ba sai na tabbata."

Sai a lokacin na lura da haɓarsa, fes, kamar ta ɗan makaranta. Na so in tsokane shi, sai ya riga ni magana.

"Shinshina ki ji," ya ce. "Hancina ya saba, ba zan iya gane nawa ba."

Na matso kaɗan. "Shiru," na ce.

Ya sauke ajiyar zuciya, ya zauna a kujerarsa. Ya dubi tagar. "Ina abokin hamayyata?"

"Yana baho."

"Allah ya ƙara. Kwalba uku ya cinye mini."

Mama ta shigo da ruwa a tire, bakinta har kunne. Tana ajiyewa ya gyara zama.

"Mama, ba ni kaɗai na zo ba. Hajiya tana mota. Na gaya mata komai, ta ce ba ta yarda da labari ba, sai ta gani da idonta."

Mama ta juya ta kalli ƙofa.

"Na roƙe ta kada ta sa turare," ya ƙara da cewa, yana sosa sabuwar haɓarsa. "Ta ce ta rage."

Muka ji an rufe ƙofar mota. Kafin a taɓa ƙofar gida, ƙamshi ya riga ya shigo ta tagar da ba labule, mai nauyi, har Baba da hancinsa ya yi ritaya ya yi atishawa daga ɗaki. Idan wannan ne ragin, ban san yadda cikon yake ba.

Mama ta zaro mini ido, tana nuna hannuwana da haɓa, tana jan hannun rigarta ƙasa don in gane. Na kalli gwiwar hannuna, tana ta sheƙin basilin, duhun nan a fili. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye muku ba. Na kalli Ƙamshi, wanda yau ba ya ƙamshin komai saboda ni.

Na rufe gwangwanin na ajiye a kan tebur, inda kowa zai gani. Na bar hannun rigar a naɗe yadda yake.

"Zauna, Mama," na ce. "Ni zan buɗe mata."